Kafin a Zuba Kuɗin Kaka a Kan A-kori-kura: Abubuwan da Matashin Ɗandume Zai Duba da Wayarsa

Da zarar kaka ta kama a kudancin Jihar Katsina, hanyar Funtuwa zuwa Ɗandume ba ta hutawa. Masara, dawa, waken soya da shinkafa shanshera suna fitowa daga gonakin Mahuta, Ɗantankari da ƙauyukan da ke iyaka da Sabuwa da Faskari, a sauke su a kasuwar hatsi ta Ɗandume, wadda ke cikin manyan kasuwannin amfanin gona a Arewa. Daga nan tireloli ke kwasa zuwa Kano, Ibadan da Legas. Sai dai tirela ba ta shiga gona. Tsakanin masussuka da bakin kwalta akwai burji, yashi, kwazazzabai da ƙananan rafuka, kuma motocin a-kori-kura ne ke cike wannan giɓi.

Shi ya sa duk shekarar da amfanin gona ya yi albarka, za a samu manomi ko ɗan kasuwar hatsi da ya ƙudurta sayen tasa motar. A yanzu kuma, kafin a je wurin dillali, ɗan gidan da ya iya waya ake fara kira. Shi ke buɗe Jiji da Facebook, shi ke kallon bidiyo a YouTube da TikTok, shi ke cewa wannan ta fi waccan. Miliyoyin naira na gumin shekara guda ko biyu suna rataye a kan shawararsa. Matsalar ita ce yawancin bidiyon da yake kallo an ɗauke su ne a Amurka ko Dubai, inda ake yabon faɗin allo, kujerun fata da ƙarar inji. Motar aiki kuwa daga ƙasa ake zaɓen ta: nauyin da za ta ɗauka, hanyar da za ta bi, man da za ta sha, da makaniken da zai gyara ta. Allo shi ne na ƙarshe a layi.

Wace irin mota ake magana?

Dattawan yankin sun saba da Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya cika Arewa da su. Har yau wasunsu na jigila ranar kasuwa. Waɗanda suka gaje su sun kasu gida uku.

Rukuni na farko shi ne masu ɗaukar kusan tan ɗaya: Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa tun 1968, da Mitsubishi L200, Isuzu D-Max, Nissan Navara da Ford Ranger. Kusa da su akwai Land Cruiser 79, wadda ta fi su ƙarfin jiki da tsada. Rukuni na biyu shi ne manyan motocin Amurka na hawa da ɗan aiki, irin su Ford F-150 da Toyota Tundra, waɗanda ake shigowa da su a matsayin tokumbo. Na uku shi ne waɗanda Amurkawa ke kira masu aikin ƙarfi: Ford F-250 da F-350, Ram 2500 da 3500, da Chevrolet Silverado 2500HD da 3500HD. A tsarin Amurka, mota tana shiga wannan rukuni ne idan jimillar nauyin da aka amince mata, wato jikinta haɗe da kayanta, ya haura fam 8,500, kimanin kilo 3,856. Masu lamba 350 ko 3500 kuwa yawanci sun haura kilo 4,536, wasu har zuwa kilo 6,350.

A gefe guda kuma akwai Kanta, wadda ba a-kori-kura ba ce, amma ita ce abokiyar gasarsu ta gaskiya a harkar dakon hatsi. Za a dawo kanta a ƙarshe.

Lissafin farko: buhu nawa?

Girman mota a ido ba ya nuna ƙarfin ɗaukarta. Tundra ta fi Hilux tsawo da faɗi, injinta ya fi girma, amma yawancin nau'o'inta ba a amince musu su ɗauki tan ɗaya ba, alhali Hilux mai gida ɗaya tana kaiwa nan. Dalili kuwa shi ne an yi wa Tundra sifirin mai laushi domin jin daɗin tafiya, kuma nauyin jikinta ya cinye kaso mai yawa na abin da aka ware mata.

Amsar tana manne a jikin motar. Idan aka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin ƙofar akwai takarda ko ƙaramin faranti mai ɗauke da haruffan GVWR ko GVM. Wannan lamba ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya. A cire nauyin motar ba kaya, abin da ya rage shi ne lodin da za ta ɗauka. Motocin Amurka suna da wata takarda mai launin ɗorawa da fari wadda ta rubuta wannan adadi kai tsaye da kilo da fam. Matashi ya nemi dillali ya ɗauki hoton takardar ya turo ta WhatsApp tun kafin a kashe kuɗin mota zuwa Kano ko Legas.

Abin da mutane ke mantawa shi ne direba da yaran mota suna cikin lissafin. A ɗauki misalin motar da aka ware wa kilo 1,000. Direba da yara biyu za su ci kusan kilo 200. Idan an yi mata bodin ƙarfe a wurin mai walda, an ƙara tamfol, igiyoyi, jak da jarkar mai, wani kilo 100 ko fiye ya tafi. Saura kilo 700, wato buhu bakwai na masara mai kilo 100, ko buhu 14 na taki mai kilo 50. Wanda ya saba ganin an labta wa irin wannan mota buhu 15 zai yi dariya, amma shi ma ya saba ganin motoci a gefen hanya da karyayyen aksul.

Ƙara ganyen sifirin, kamar yadda ake yi a gareji, yana hana bayan mota zama ƙasa ne kawai. Bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa boris, aksul, shasi ko taya ba. Ya ɓoye alamar da ke nuna an wuce iyaka, ya bar haɗarin a wurinsa.

F-250 tana iya ɗaukar har kusan tan biyu, gwargwadon yadda aka haɗa ta. F-350 mai taya bibbiyu a baya tana iya haura tan uku. A takarda wannan shi ne abin da ɗan kasuwar hatsi ke nema, amma akwai sauran tambayoyi.

Gida ɗaya ko gida biyu?

Mota mai gida biyu, wato mai ƙofa huɗu, ta fi kyan gani kuma tana ɗaukar iyali zuwa biki. Farashinta shi ne gajeren baya. A Hilux, bayan mai gida ɗaya ya kai kusan mita 2.3, na mai gida biyu kuwa kusan mita ɗaya da rabi ne. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: a mai gida biyu, yawancin kayan suna zama ne a kan aksul na baya ko ma bayansa, sai gaban motar ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa. Wanda zai yi dakon hatsi kullum, mai gida ɗaya ce tasa. Wanda zai riƙa kai ma'aikata da iri da maganin feshi gona, yana kuma zirga-zirga tsakanin Funtuwa, Bakori da Malumfashi, mai gida biyu za ta fi masa amfani.

A manyan motocin Amurka ana iya samun gida biyu da dogon baya mai mita 2.4 a tare, amma tsawon motar zai kai kusan mita 6.7, alhali Hilux ba ta wuce mita 5.3 da kaɗan ba. Juya irin wannan a cikin cunkoson ranar kasuwa ko a lungun ƙauye aiki ne. Mai taya bibbiyu a baya kuma faɗinta ya wuce sawun da sauran motoci suka yi a hanyar gona, laka da duwatsu suna maƙalewa tsakanin tayoyin, kuma duk lokacin canji taya shida za a saya.

Akwai wani batu da ya shafi bodi. Daga samfurin 2015 Ford ta koma yin jikin F-150 da alminiyom, sannan F-250 da F-350 daga samfurin 2017. Ba ya tsatsa, kuma ya fi sauƙi, amma waldar lantarki ta yau da kullum ba ta kama shi. Bayan motar dako kuwa dole wata rana ya tsage ko ya lanƙwashe. Ƙaramin maganaɗisu ya isa gwaji: ba ya manne wa alminiyom. A jikin motar ƙarfe kuma, inda ya ƙi mannewa alama ce ta an cike wurin bayan haɗari.

Fetur ko dizal?

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shan mai ya zama tambayar farko a bakin kowa. Injin dizal ya fi ƙarfin ja a ƙaramin gudu, ya kuma fi tattalin mai idan an yi lodi. Sai dai dizal iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi na tsohuwar Nokia da sabuwar wayar Android.

Tsofaffin injuna irin su 5L na Hilux da 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser ba su da gudu, amma suna haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma makanikai sun san su ciki da waje. Sababbin injuna, irin su 1GD da 2GD da Toyota ta fito da su a 2015, ko Power Stroke 6.7 na Ford, Cummins 6.7 na Ram da Duramax 6.6 na Chevrolet, kwamfuta ce ke sarrafa su. Suna fesa mai da matsin da ya ninka iskar taya sau ɗaruruwa, ta ramukan nozul masu siranta kamar gashi. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin jarkar 'yan bumburutu ya isa ya lalata famfo da nozul gaba ɗaya. Ko a Amurka inda man ke da tsabta, a 2021 sai da aka yi kiranyen motocin Ram masu injin Cummins na 2019 da 2020 domin canza famfon mai.

Sannan akwai na'urorin tace hayaƙi. Tun 2006 Amurka ta koma dizal mai ƙarancin sinadarin sulfa, kashi 15 cikin miliyan, alhali Najeriya ta yi shekaru tana amincewa da mai kashi 3,000 cikin miliyan kafin a sanar da sabuwar ƙa'idar kashi 50 a 2017. Motocin dizal na Amurka daga wajen 2007 suna da matatar toka a bututun hayaƙi, wadda ake kira DPF. Tana tsabtace kanta ne ta hanyar ƙone tokar idan an yi doguwar tafiya da gudu. Motar da aikinta shi ne gajeren zango daga gona zuwa kasuwa a giya ta biyu ba ta samun wannan dama, sai matatar ta toshe. Daga samfurin 2011 a Ford da Chevrolet, da 2013 a Ram, an ƙara tankin wani ruwa da ake kira DEF ko AdBlue. Idan ya ƙare, kwamfutar motar tana rage gudu da kanta, har ta kai ga motar ba ta wuce tafiyar ɗan sassarfa. Ruwan haɗi ne na tataccen yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa. Jiƙa takin yuriya na gona a zuba ba ya maye gurbinsa, lalata na'urar yake yi.

Wannan ne ya sa Hilux mai injin fetur 2TR na lita 2.7 ta yi farin jini a Najeriya. Ba ta kai dizal tattali ba, amma ba ta da waɗannan rigingimu. Manyan motocin Amurka ma suna da na fetur, kamar 6.2 da 7.3 na Ford, sai dai shan mansu na iya kusantar ninki biyu na Hilux. Ko kuɗin sabis ya bambanta: Power Stroke 6.7 yana cin baƙin mai fiye da lita 12 a juyi ɗaya, kuma batir biyu yake amfani da su. Duk wanda ya zaɓi dizal na zamani, ya ƙara masa matatar raba ruwa da mai, ya kuma tsaya a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi.

Taya huɗu na ja, da batun giya

A watan Agusta, lokacin kai taki da feshi, hanyar gona takan zama taɓo. A nan motar da tayoyinta huɗu ke ja take biyan kuɗinta. Alamomin da za a gani su ne 2H na kwalta, 4H na yashi da laka, da 4L na hawan gangare ko fita daga rami da kaya. A yawancin waɗannan motoci ba a barin su a 4H a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya suna ɗaure da juna, kuma a kwana sai ƙarafan su riƙa murɗa junansu.

Abin da ya fi cancanta a biya wa ƙarin kuɗi shi ne makullin aksul na baya. Ba tare da shi ba, idan taya ɗaya ta faɗa laka sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar tana tsaye. Da shi, dukansu biyu suna juyawa tare. Sandar hannu ta sa taya huɗu ta fi maɓallin lantarki jure ruwa da ƙura, domin maɓallin yana dogara ne da ƙaramin moto da ke ƙarƙashin mota. Wanda aikinsa bai wuce kan kwalta tsakanin Ɗandume, Funtuwa da Zariya ba, mai jan taya biyu ta ishe shi: ta fi araha, ta fi sauƙin nauyi, kuma kayan lalacewarta sun fi kaɗan.

Giyar hannu ta fi sauƙin gyara, domin canza kuloci aiki ne da kowane gareji ya iya. Giyar otomatik ta zamani tana da ƙarfi, amma zafi ne makashinta, don haka a tabbatar tana da na'urar sanyaya man giya. A manyan motocin Amurka zaɓin ya ƙare: Ram ta 2018 ce ta ƙarshe da ta fito da giyar hannu.

Taya tana da ranar haihuwa

A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, ko da zanensu bai cinye ba. Akwai kuma lambar nauyi: 100 na nufin kilo 800 ga taya ɗaya, 112 kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Tayar aiki tana ɗauke da harafin C a ƙarshen lambar girmanta ko LT a farko. Manyan rim masu ƙyalli na inci 20 da siririyar taya na birni ne. A hanyar burji, rim ɗin ƙarfe na inci 16 da taya mai kauri ya fi, domin idan ya lanƙwashe ana buga shi ya miƙe, kuma kowane mai faci yana da abin da zai yi da shi.

Na'urorin da suka cancanci kuɗi, da waɗanda ba su cancanta ba

Birkin ABS da na'urar hana mota ƙwacewa a kwana suna ceton rai, musamman ga mota mai tsawo da kaya a sama. Kyamarar baya tana da amfani a kasuwa da ƙofar gida inda yara ke wasa. Amurka ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci tun Mayun 2018, kuma ana iya saka wa tsohuwar mota da kuɗi kaɗan. Na'urar nuna iskar taya, jakar iska ta kariya, kyamarar da ke ɗaukar hanya, da wurin cajin waya mai ƙarfi duk suna aiki a nan kamar yadda suke yi a ko'ina. Wasu F-150 daga samfurin 2021 suna da soket da ke ba da wuta daga kilowat 2 zuwa 7.2, wanda zai iya tayar da injin walda ko famfon ban ruwa a gona.

Wasu abubuwan kuwa kamar wayar da aka kulle wa layin ƙasar waje suke. Rediyon tauraron ɗan'adam na SiriusXM da tsarin kiran agaji na OnStar ba sa aiki a Najeriya. Taswirar da ke cikin allon ta Amurka ce. Rediyon motar Amurka yana tsallake tashoshin FM da lambarsu ta ƙare da cika, kamar 92.4, na motar da aka yi wa kasuwar Japan kuma yawanci yana tsayawa a 90. Kujera mai ɗumama jiki, rufi mai buɗewa da sifirin mai aiki da iska ƙarin abin lalacewa ne kawai. Allo mai Android Auto yana da daɗi, amma maƙalin waya na dubu kaɗan yana yin kusan aikinsa.

Na'urar bibiyar mota ta cancanci a yi mata tunani na musamman a yankin da ke fama da matsalar tsaro. Tana gane inda take ta tauraron ɗan'adam, amma da layin waya take aiko da saƙo. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ɗandume, Funtuwa, Sabuwa da Faskari, har na tsawon watanni. Ko ba a katse ba, akwai dazuzzukan da babu sabis. Saboda haka a zaɓi wadda ke da batir nata, take kuma adana bayanan tafiya ta turo idan sabis ya dawo. Haka nan a sauke taswirar yankin a Google Maps ko OsmAnd domin ta yi aiki ba tare da data ba.

Waya a matsayin kayan bincike

Yawancin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Tsarin ya daidaita tun 1981, kuma babu haruffan I, O da Q a cikinta. Idan ta fara da 1, 4 ko 5, a Amurka aka ƙera motar. 2 Kanada ce, 3 Meziko, J kuma Japan. Hilux da ta fara da MR0 daga Tailan take, AHT kuma daga Afirka ta Kudu. A motocin Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar samfuri, don haka dillali ba zai iya sayar da ta 2012 da sunan ta 2016 ba ko da an canza mata fitilu da fuska. A tabbatar lambar da ke ƙasan gilashin gaba, ta jikin ƙofa, ta kan shasi da ta takardu duk ɗaya ce.

Shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana fassara lambar kyauta, ya nuna injin da motar ta fito da shi da kiranyen gyaran da ba a yi ba. Carfax na kuɗi ne, yana kawo tarihin haɗari da nisan tafiya. Da yake motocin tokumbo da dama daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, sau da yawa rubuta lambar a Google kaɗai kan fito da hotunan motar a ranar da aka yi gwanjonta. A kula da motocin da ambaliya ta shanye, irin waɗanda suka cika kasuwa bayan guguwar Harvey a 2017: warin danshi, yashi a ƙarƙashin kafet da tsatsa a ƙarafan kujera. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, a shiga ƙarƙashinsu da fitilar waya a duba shasi. Agogon motar Amurka kuma da mil yake ƙirga: mil 150,000 ya haura kilomita 241,000.

Abu na biyu shi ne ƙaramar na'urar OBD, irin ELM327, wadda ake soka wa a soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja kamar Torque ko Car Scanner ana karanta abin da kwamfutar motar ta adana. P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0087 ƙarancin matsin mai, P0401 matsalar bututun mayar da hayaƙi, P2002 kuma matatar toka. Idan babu lambar matsala ko ɗaya, amma manhajar ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, alama ce ta an goge bayanan ko an cire batir kwanan nan. A kuma lura ko fitilar inji tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar, domin wasu na cire ƙwan. Wasu tsofaffin Hilux da aka yi wa kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa ba sa amsa wa ƙaramar na'urar, sai babbar kwamfutar gareji. Duk da haka waya ba ta jin ƙarar boris, ba ta ganin hayaƙi. A tafi da makanike, a tayar da injin da sanyin safiya, a kuma gwada motar da kaya a bayanta.

Takardu da sitiyari

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma dokar hanya ta hana motoci masu sitiyari a dama. Ana shigo da su daga Japan ko Ingila a juya sitiyarin, kuma juyin da aka yi da yanka da walda haɗari ne a ƙarƙashin lodi. Alamominsa sun haɗa da sawun walda a bangon da ke raba inji da direba, da share-gilashi da ke kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba. Takardar kwastam dole ta dace da lambar shasi, domin tun 2022 hukumar ke amfani da lambar wajen ƙididdige haraji. Inshora kuma ana tantance ingancinta da lambar mota a shafin NIID, a kuma tabbatar an yi ta da sunan motar ɗaukar kaya, ba ta hawa ba.

Tambayar ƙarshe: wa zai gyara?

Motar da ta tsaya a watan Nuwamba tana jiran kayan gyara ta yi asarar shekararta. Kayan Hilux, L200 da Kanta ana samunsu a Funtuwa da Zariya, in ya yi tsanani a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Nozul ɗin Cummins ko na'urar giyar Ford kuwa sai an nema a Ladipo ta Legas, wani lokaci sai an yi oda daga waje da dala. Kafin a biya ko sisi, a tambayi makanikai uku na gari ko sun taɓa buɗe irin injin, a kuma tambayi masu kayan gyara farashin filta, birki, boris da famfon mai.

Daga nan sai a buɗe Google Sheets a waya a yi lissafi: kuɗin dakon buhu ɗaya sau yawan buhunan da motar za ta ɗauka bisa ƙa'ida, sau sawu nawa a mako, a cire mai, sabis, taya, albashin direba da kuɗin takardu, a kuma tuna cewa kaka wata uku ce zuwa huɗu. Sau da yawa lissafin zai nuna cewa mai son kwasar buhu 25 zuwa 30 a kan kwalta Kanta ce ta dace da shi, mai shiga gona da damina kuma Hilux ko Land Cruiser mai gida ɗaya da taya huɗu na ja. Babbar motar Amurka tana da gurbinta wurin babban manomi mai jan tirelar tirakta ko injin casa, wanda ke da amintaccen mai da makanikensa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma nagari a nan ita ce wadda za ta tashi kowace safiyar kasuwa, ta kai buhunan Ɗandume, ta dawo da direba da yaransa lafiya.